Abin da ƙa'ida ta ce game da bututun jan ƙarfe na ruwan gida

A Katsina, duk mai ginin da ya kai matakin jan ruwa yakan ji mai gyaran famfo ya ce a sayo masa bututun "rabin inci", shi kuwa ya tafi kasuwa ya karɓi abin da aka miƙo masa. Idan na jan ƙarfe ne, wanda aka fi sa wa a layin ruwan zafi, wannan kalma kaɗai ba ta isa ba, domin ƙa'idoji biyu ne suke tafiyar da ƙirarsa, kuma awonsu ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce EN 1057 ta ƙasashen Turai, wadda ta maye gurbin BS 2871 a Ingila a 1996. Tana auna bututu da faɗinsa na waje a milimita: 15, 22, 28, 35, 42, 54. Ta kuma wajabta wa masana'anta ta buga shaida a jikin bututun, tazarar da ba ta wuce milimita 600 ba tsakanin wata shaida da wata, ɗauke da lambar ƙa'idar, da faɗi da kauri, da alamar wanda ya ƙera, da lokacin ƙira. Wanda ya ga 15 x 0.7 ya san faɗin milimita 15 ne, kaurin bango kuma 0.7. Ta fuskar tauri kuwa, mai alamar R220 shi ne mai laushi da ke zuwa a naɗe, R250 matsakaici, R290 mai tauri.

Ta biyu ita ce ASTM B88 ta Amurka, wadda ta kasa bututu gida uku bisa kauri: K mai koren rubutu shi ne mafi kauri, wanda ake binnewa a ƙasa, L mai shuɗi na cikin gida, M mai ja shi ne mafi siranta. A nan ne ruɗanin yake, domin abin da Amurkawa ke kira rabin inci faɗinsa na waje kusan milimita 15.9 ne, ba 15 ba.

Wannan bambanci da bai kai milimita ɗaya ba na ga ɓarnarsa da idona a wani gida da ke Ƙofar Ƙaura. An haɗa bututu mai milimita 15 da gwiwa ta awon Amurka, aka cike gibin da dalma, aka rufe da siminti da tayil. Ba a yi wata uku ba fentin ɗakin da ke bayan banɗakin ya fara kumbura yana ɓarewa, sai da aka fasa bangon. Abin ya ba ni takaici matuƙa, ganin cewa karanta rubutun da ke jikin bututun kawai ya isa ya hana wannan asara.

Ƙa'idojin nan suna zama wajibi a kan ɗan kwangila da zarar an rubuta su a takardar yarjejeniyar aiki, shi ya sa nake ganin kuskure ne a rubuta "bututun jan ƙarfe" kurum ba tare da lamba da kauri ba. Ta ɓangaren gwamnati, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ita ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su ƙarƙashin tsarin SONCAP. Bututun da ba shi da ko harafi ɗaya a jikinsa, a bar wa mai shago kayansa, komai arharsa. Haka kuma na naɗe da masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki ke amfani da shi, ƙa'idarsa daban ce, ASTM B280.

Batun girma kuwa, yawancin gidajenmu daga tankin sama suke sha, ko ruwan daga madatsar ruwa ta Ajiwa ya zo ko daga rijiyar burtsatse. Tsayin mita 10 ne ke bayar da matsin kusan 1 a ma'aunin matsi da ake kira "bar", saboda haka tankin da ke mita 4 a saman famfo bai kai rabin haka ba. Da irin wannan raunin matsi, babban layin da ya sauko daga tanki ya kamata ya zama 22 ko 28, a bar 15 ga gajerun rassan da ke shiga kowane famfo. Idan an sa injin ƙara matsi, siririn bututu yana sa ruwa gudu fiye da kima har ya riƙa cin bangon ciki, musamman a gwiwoyi. Shawarar masana ita ce kada gudun ruwan zafi ya wuce kusan mita 1.5 a daƙiƙa.

Akwai kuma ruwan kansa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, ta ƙayyade jan ƙarfe a miligiram 1 cikin lita, ma'aunin tsamin ruwa (pH) kuma tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan burtsatse mai tsami yana narkar da jan ƙarfe sannu a hankali, alamarsa kuwa tabo ne kore-kore a bakin famfo, don haka a gwada ruwan kafin a sayi bututu. Wajen liƙi kuma a nace wa mai aiki ya yi amfani da maliƙin da babu dalma a cikinsa, wanda Amurka ta wajabta a layin ruwan sha tun 1986.