Waiwaye: Ɓeran da Aka Ɗauka da Wanda Aka Ƙyale

Ana ta muhawara a kan dalilin da ya sa magungunan da ke kwantar wa ɓera hankali suke kasa yi wa ɗan Adam aiki. Maganar ta daɗe.

A 1936 masanin kimiyya Hans Selye ya nuna a Kanada cewa sanyi, rauni ko guba duk abu ɗaya suke yi wa jikin ɓera: ƙullutun da ke saman ƙoda ya kumbura. A 1981 Wylie Vale ya ciro wani sinadari mai suna CRH daga ƙwaƙwalwar tumaki, wato ɗan aiken da ke ba da umarnin sakin sinadarin damuwa, kotikosteron a ɓera, kotisol a mutum. A 1998 aka samar da ɓerayen da ba su da mazaunin karɓar CRH na farko, wato wurin da saƙon CRH ke sauka a ƙwayoyin jiki, sai tsoronsu ya ragu. Aka haɗa magungunan toshe wannan mazauni, amma da aka gwada su a kan masu ciwon damuwa, ba su kai ba.

Abin da aka fi mantawa ya faru tun shekarun 1950. Wani mai bincike, Seymour Levine, yana ɗan ba jariran ɓeraye wutar lantarki don ganin yadda za su tashi. Wasu kuwa ɗauka kawai yake yi, ya ajiye su a akwati na 'yan mintuna, ya mayar wa uwa. Kashi na uku bai taɓa su ba. Da suka girma, waɗanda aka ƙyale ɗin ne suka fi tsoro. In an sa su a sabon wuri sai su lafe a kusurwa, suna ta kashi.

A 1997 tawagar Michael Meaney ta nuna muhimmancin uwa. Idan aka dawo mata da ɗanta, lasarsa take yi ba ji ba gani. Lasar nan tana motsa sinadarin serotonin, mai kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, a sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, mazaunan da ke sauraron kotikosteron su ƙaru, har jiki ya iya cewa "ya isa haka" da wuri, ya rage sakin sinadarin damuwa. Ni dai nan nake ganin kuskuren ya samo asali: an zura wa sinadari ido, an bar harshen uwa da hannun mai ɗauka.

Shi ma mai ɗaukar yana da tasiri: a 2014 aka gano cewa warin jikin namiji mai gwaji, ko rigar da ya kwana da ita, na iya ɗaga kotikosteron a jinin ɓera.