Wai wanda ya je sararin samaniya ba ya dawowa yadda yake?

Tun muna yara a unguwar Nima ta Accra ake cewa duk wanda ya je sararin samaniya sai jininsa ya canza, wai ko haihuwa ba zai kara yi ba. Jama'a ba haka bane. Kwayoyin gadonsa na nan, yadda suke aiki ne ke sauyawa, kamar fitila a kara haske ko a rage, kuma yawanci su koma daidai cikin wata 6 da dawowa. Da yawa cikin mutanen da suka je sun haihu lafiya bayan sun dawo. Abin damuwa na gaske radiyeshin ne, wato wani haske mai karfi da ido ba ya gani da ke sararin samaniya, yana kara hadarin cutar kansa. In an turo maka irin wannan a WhatsApp, nemi asalin binciken da aka yi a kai ko ka tambayi likita. Don Allah a tura wa 'yan uwa.