Haɗa Hoto a Fim

Haɗa hoto, wanda 'yan fim ke kira editin, shi ne aikin zaɓen abin da kyamara ta ɗauko, a yanke shi, a jera shi, har ya zama labari mai kan gado. Wasu kan ce tacewa, sai dai kalmar takan rikitar, domin da ita ake kiran aikin hukumomin da ke duba fim kafin ya shiga kasuwa, kamar Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Mai wannan sana'a shi ne edita. Ba a sa fuskarsa a fosta, alhali a hannunsa fim ke tashi ko ya kwanta.

Asali

Finafinan da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka nuna wa masu biyan kuɗi a birnin Paris ranar 28 ga Disamba, 1895, babu yanka a cikinsu. Kyamara na kafe wuri guda, ana murza ta har zaren fim ya ƙare, abin da bai cika minti ɗaya ba. A hankali aka gano cewa ana iya yanke zaren da almakashi, a manna shi da wani da aka ɗauka a wani wuri dabam, mai kallo kuma ya ɗauke su abu guda. A Amurka, Edwin Porter ya yi amfani da wannan dabara a fim ɗinsa na fashin jirgin ƙasa a 1903, daga baya D. W. Griffith ya ƙware wajen kai-komo tsakanin abubuwa biyu da ke faruwa lokaci guda.

Rashawa ne suka mai da abin ilimi. Lev Kuleshov ya ɗauki fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, sannan da gawar yarinya a akwati, sannan da mace a kishingiɗe. An ruwaito cewa masu kallo sun ga yunwa a ta farko, baƙin ciki a ta biyu, sha'awa a ta uku, ga shi kuwa fuskar ɗaya ce. Ma'ana tana fitowa ne daga gamuwar hotuna biyu. Duk mai koyon fim ya kamata ya gwada wannan da wayarsa: fuskar ƙanensa, sai malmalar tuwo, sai makara, sai jariri a goye. Zai ga abin mamaki.

Kayan aiki sun yi ta sauyawa. Na'urar Moviola, ta duba zaren fim yayin yanka, ta fito a 1924, shigowar sauti a ƙarshen shekarun 1920 ta tsayar da gudun fim a hoto 24 cikin daƙiƙa guda, manhajar Avid kuma ta kai aikin kan kwamfuta a 1989. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda aka saba ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na 1990, sun taso ne a zamanin kaset, lokacin da ake kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan bi da bi. In aka yi kuskure a tsakiya, sai a sake daga nan har ƙarshe. Yau da manhajar Adobe Premiere ko DaVinci Resolve matashi na iya haɗa fim a shago a Katsina, muddin akwai wuta.

Layin da ba a tsallakewa

Ƙa'idar da sabon shiga ya fi karyawa ita ce ta digiri 180, wato kyamara ta tsaya a gefe guda na abin da take ɗauka. Hawan sallah a Ƙofar Soro ta Katsina ya isa misali. Mai kyamara yana tsaye a gefen hanya, dawakai na wucewa daga hagunsa zuwa dama. Ya ga rana ta dame shi, sai ya tsallaka ɗaya gefen ya ci gaba da ɗauka. A idonsa babu abin da ya canza. A kan allo kuwa, da zarar an haɗa hotunan biyu, sai a ga tawagar hakimi ta juya tana komawa inda ta fito, ko kuma kamar runduna biyu ne za su yi karo. Haka abin yake ga mutum biyu masu hira a zaure: akwai layi da ba a gani tsakaninsu, kyamara ta zaɓi ɓangare guda ta zauna. In dole sai an tsallaka, a sa hoton da aka ɗauka daga gaba sosai a tsakani, ko a bar kyamara ta zagaya a gaban idon mai kallo.

Wannan laifi a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, ake yin sa, edita ne ke kwana da shi. Shi ya sa darakta nagari yake ɗauka da tunanin yanka a ransa, yana tara ƙananan hotuna da za su ceci aiki: kofaton doki, hannu a kan linzami, bakin mai algaita.

Lokaci da numfashi

Edita yana iya taƙaita tafiyar Katsina zuwa Daura cikin daƙiƙa uku, yana kuma iya jan daƙiƙa uku su zama minti. A ce ana fim ɗin Bayajida a bakin rijiyar Kusugu. In aka nuna shi daga nesa ya zura guga, macijiya ta fito, ya sare ta, an ba da labari, amma babu wanda gabansa zai faɗi. A sake jerawa: igiya na sauka cikin duhu, idonsa, tsohuwar da ta sauke shi tana zaune a gida ta kasa barci, igiya ta tsaya cak, hannunsa ya kai ga wuƙa. Jinkirin nan shi ne fim ɗin.

A nan finafinanmu da yawa suke rauni. Mota za ta shigo gida, a jira maigadi ya rufe ƙyaure, mutum ya fito, ya taka har falo, a gaisa gaisuwa cikakkiya, sannan a soma maganar da ta kawo shi. Gaisuwa al'adarmu ce, tana da gurbi in ana so a nuna girmamawa ko wata ƙullalliya tsakanin mutane. In ba ta ɗauke da komai, almakashi ya hau kanta. Fim mai dogon zango da ake yi wa YouTube ya ƙara wa wannan ciwo tsanani, don ana neman cika mintoci.

Sauti

Kunne yakan riga ido. Editoci kan shigo da sautin fitowa ta gaba tun hoton baya bai ɗauke ba: ana kallon yaro yana ɗaura rawani a ɗaki, sai ga ƙarar kakaki daga nesa, kafin a ga fada. Mai kallo ya isa can da ransa tun ba a kai shi ba. Akwai kuma sautin wuri, wato a sa kowa ya yi shiru na kamar minti guda a naɗi motsin iskar ɗakin. Da shi ake cike giɓi tsakanin maganganu. In babu shi, duk inda aka yanka sai a ji ɗakin ya mutu ya farfaɗo.