Waiwaye: Inda waƙoƙin lallashin zuciya na Japan suka samo asali

Mai laluben waƙoƙin Japan a YouTube ko Spotify ba zai daɗe ba zai ci karo da jerin waƙoƙin da aka ware wa masu baƙin ciki da waɗanda aiki ya galabaitar: fiyano a hankali, murya ƙasa-ƙasa, babu hayaniyar ganga. Sai mutum ya zaci sabon yayi ne na zamanin wayar hannu, alhali abin ya daɗe. In ka bi sawun manyan waƙoƙin nan, yawancinsu za ka tarar wata masifa ce ta haife su, ko ta sa mutane suka rungume su.

A watan Oktoban 1945, wata biyu kacal bayan Japan ta miƙa wuya, aka ji Michiko Namiki tana rera "Ringo no Uta" a wani fim. Waƙa ce mai sauƙi a kan tuffa. Amma masu sauraro na zaune a kangon gidaje, ita kanta mawaƙiyar ta rasa mahaifiyarta a ruwan bama-baman da aka yi wa Tokyo a watan Maris na shekarar. Ita ce waƙar da ta fara karaɗe ƙasar bayan yaƙi.

Wadda duniya ta fi sani ta fito ne a 1961, wato "Ue o Muite Arukō" ta Kyu Sakamoto. Labarin wani mutum ne da ke tafiya shi kaɗai da dare, yana ɗaga kai sama don kada hawaye su zubo masa. Rokusuke Ei ne ya rubuta baitocin, kuma an ruwaito cewa takaicin rashin nasarar zanga-zangar 1960 ta adawa da yarjejeniyar tsaro da Amurka na cikin abin da ya zaburar da shi. A 1963 ta hau saman jadawalin Billboard a Amurka, inda aka laƙaba mata sunan wani abinci, "Sukiyaki", don ya fi sauƙin faɗa. Sakamoto ya rasu a hatsarin jirgin sama na 12 ga Agustan 1985 wanda ya ci rayuka 520. A ganina wannan waƙa ce ta shata hanyar da na baya suka bi: ba ta ce wa mai kuka ya yi shiru ba, ba ta kuma yi masa alkawarin gobe za ta yi kyau ba. Rakiya kawai ta yi masa.

A shekarun 1970 mata masu rubuta waƙa da kansu suka shigo, irin su Yumi Arai da Miyuki Nakajima, wadda "Jidai" ɗinta ta lashe gasar Yamaha a 1975. Sai kuma Sony ta fito da Walkman, ƙaramar na'urar sauraron kaset da ake yawo da ita, a 1979, sauraro ya koma tsakanin mutum da kunnensa, ko da a cikin jirgin ƙasa mai cunkoso ne.

Inda labarin ya fi jan hankalina shi ne tsakanin 1989 da 1999, kuma tallar maganin gajiya guda ɗaya ta isa ta nuna shi. A 1989 kuɗi na yawo, kasuwar hannayen jari ta kai ƙololuwa a watan Disamba, kuma tallar Regain, wani abin sha mai ƙara kuzari, tana tambayar ma'aikata ko za su iya fafatawa awa 24, da kiɗa irin na faretin soja. Har yara na rerawa. Daga nan komai ya rikito. Farashin filaye da hannayen jari ya faɗi, matasa suka gama jami'a babu aiki. A 1995 girgizar ƙasar Kobe ta kashe sama da mutum 6,000, wata biyu bayan haka aka saki iskar guba a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. A 1997 kamfanin Yamaichi, ɗaya daga cikin manyan dillalan hannayen jari, ya durƙushe. A 1998 adadin masu kashe kansu ya haura 30,000 a shekara, bai kuma sauko ƙasa da haka ba sai 2012.

To a 1999 Regain ɗin nan ta sake talla. Wannan karon babu fareti. Ryuichi Sakamoto ne ya kaɗa fiyano shi kaɗai, a natse, ana nuna fuskokin mutanen da suka gaji. Kiɗan, mai suna "Energy Flow", ya zama na farko marar murya da ya hau saman jadawalin mako na Oricon, mai lissafa faifan da aka fi saye a Japan. A shekarar ce kalmar iyashi, wato sanyaya rai, ta shiga bakin kowa, shagunan faifai suka ware mata kanta guda. Cikin shekara goma an tashi daga "dage ka ci gaba" an koma "zauna ka huta". Ko da yake, a faɗi gaskiya, kamfanin da ya sayar da na farko shi ya sayar da na biyu, kuma ma'aikata da yawa sun ci gaba da yin dogon aikin bayan lokaci. Dokar da ta sa wa aikin bayan lokaci iyaka sai a Afrilun 2019 ta fara aiki. Wannan ba laifin waƙar ba ne, amma bai kamata a manta da shi ba.

A wannan tsakanin muryoyin Okinawa, tsibiran kudancin Japan, suka yi tashe. Kiroro, 'yan mata biyu da suka haɗu a makarantar sakandare, sun fito da "Mirai e" a 1998, waƙar godiya ga uwa wadda har yau ake rerawa a bikin yaye ɗalibai. "Nada Sōsō" kuwa Ryoko Moriyama ce ta rubuta don yayanta da ya rasu yana matashi, Rimi Natsukawa ta rera ta a 2001 ta bazu.

Bayan girgizar ƙasa da igiyar teku ta 11 ga Maris 2011, kamfanoni da yawa sun dakatar da tallace-tallacensu. Suntory, kamfanin abin sha, ta tara mawaƙa da 'yan fim suka rera tsohuwar waƙar Kyu Sakamoto, kowa layi ɗaya. A 2012 tashar NHK ta fitar da "Hana wa Saku", kiɗan Yoko Kanno da baitocin Shunji Iwai, dukansu 'yan lardin Miyagi da bala'in ya fi shafa, aka sa kuɗin da waƙar ta kawo a aikin farfaɗo da yankin.

Na baya-bayan nan ma ba su sauya hanya ba. Kenshi Yonezu yana tsaka da rubuta "Lemon" ta 2018 kakansa ya rasu, ya ce hakan ya canza waƙar. Abin da ya ƙaru shi ne masu sauraro daga waje, waɗanda ba sa jin Japananci ko kaɗan: a 2020 matasa a ƙasashe da dama suka tono "Mayonaka no Door" ta Miki Matsubara, waƙar 1979, shekara 16 bayan cutar daji ta yi ajalinta.