Waiwaye: 'Yan Wasan da Zaɓen NFL Ya Tsallake

A ƙarshen watan Afrilun kowace shekara, gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL kan kwashe kwana uku tana raba wa ƙungiyoyinta 32 samarin da suka fito daga jami'o'i. Wasan nan ne na ƙwallo mai siffar ƙwai da hular kwano, wanda hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Zagaye bakwai ake yi, a kira sunan mutum 250 da 'yan kai. Ranar Asabar da yamma, da zarar an kira na ƙarshe, sai 'yan kallo su watse, kasuwa ta koma ta waya. Cikin sa'o'i kaɗan ƙungiyoyi sun kwashi ɗaruruwan yaran da zaɓe ya tsallake, wata ta ɗauki goma, wata ashirin. Shin nawa ne daga cikinsu za su kai ga sa riga ranar da aka buɗe kakar wasa a watan Satumba?

Lissafin ba shi da tausayi. Kowace ƙungiya tana da damar tara mutum 90 a sansanin horo, amma 53 kacal za ta riƙe. Ke nan za a sallami 37 a kowane gida, mutum 1,184 a faɗin gasar. Mafi yawan kujerun 53 ɗin kuwa da masu su tun kafin a buɗe sansani: tsofaffin hannu masu kwantiragi mai tsada, da sababbin da ƙungiya ta kashe zaɓenta a kansu. Abin da ya rage ake wawa a kai. Shi ya sa idan yaro ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda aka tsallake suka tsira a wata ƙungiya sai ya zama labari, akwai kuma ƙungiyoyin da shekara za ta wuce ko ɗaya bai tsira ba.

Shi kansa zaɓen bai zo da gasar ba. An kafa NFL a 1920, kuma shekaru goma sha biyar na farko kowane ɗan wasa yana da 'yancin zuwa inda aka fi taya shi. Masu kuɗi da suna irin su Chicago Bears da New York Giants sai suka riƙa kwashe na kirki. Bert Bell, mai ƙungiyar Philadelphia Eagles da ke shan kashi a lokacin, shi ya kawo shawarar a riƙa rabo, wadda ta zo ta kashin baya ta fara ɗauka. Ranar 8 ga Fabrairun 1936 aka yi zaman farko a otel ɗin Ritz-Carlton na Philadelphia: ƙungiyoyi tara, zagaye tara, mutum 81. Wanda aka fara ɗauka, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago, ko wasa ɗaya bai buga a gasar ba. Ba su daidaita kan albashi ba, ya kama harkar kasuwanci. A wancan zamani kiran suna bai zama wani abin tinƙaho ba, domin ƙwallo ba ta biya kamar aikin ofis.

Daga nan zaɓen ya yi ta kumbura. A shekarun 1950 zagaye 30 ake yi. Mutum zai ɗauka cewa da irin wannan koma mai faɗi ba kifin da zai kuɓuta, amma ƙungiyoyin ba su da masu farautar gwanaye kamar na yanzu. Wasu da mujallu da jaridu suke zuwa zauren zaɓe. Sannan akwai wani shinge da ba na rashin sani ba ne. Daga 1934 zuwa 1945 babu baƙar fata ko ɗaya a NFL, kuma sai 1949 aka fara kiran sunan baƙar fata a zaɓe, lokacin da Bears ta ɗauki George Taliaferro a zagaye na 13. Don haka da yawa daga manyan da suka shigo ta bayan gida a wancan zamani baƙaƙe ne da aka ƙi kallo da gangan.

Emlen Tunnell da ƙafarsa ya je ofishin Giants a 1948, bayan ya yi ta roƙon direbobi su rage masa hanya, ya ce a gwada shi. Ya zama baƙar fata na farko a ƙungiyar, a 1967 kuma baƙar fata na farko da aka sa a zauren karrama gwarzaye da ke Canton a jihar Ohio. Dick Lane, wanda aka fi sani da Night Train, ya baro aikin soja yana aiki a masana'antar jiragen sama a Los Angeles, sai wata rana a 1952 ya shiga ofishin ƙungiyar Rams, wadda ke birnin a lokacin, da kundin da ya liƙa yanke-yanken jaridun da suka ambace shi. A shekararsa ta farko sau 14 yana cafke jifar abokan hamayya cikin wasa 12. Yau wasa 17 ake yi a kaka, amma har yanzu ba wanda ya kamo shi. Willie Wood wasiƙu ya yi ta aikawa a 1960, Green Bay Packers ta amsa. Warren Moon kuwa, duk da ya jagoranci Jami'ar Washington ta ci Rose Bowl, babban wasan jami'o'i na ƙarshen kaka, a Janairun 1978, ya ga alamar ba a shirya ba baƙar fata jagorancin hari ba, wato gurbin mai jefa ƙwallo da tsara kai hari, ana so ya sauya gurbi. Ya tsallaka Kanada, zagaye 12 suka wuce ba a ambace shi ba. Sai da ya ci kofin Grey na gasar Kanada sau biyar a jere da ƙungiyar Edmonton sannan Houston Oilers ta neme shi a 1984.

Abin da ya fi sauya ma'anar "wanda ba a zaɓa ba" shi ne tsukewar zaɓen. Daga 1967 zuwa 1976 zagaye 17 ne, kuma a 1976 mutum 487 aka kira. Daga 1977 aka koma 12, wato kusan mutum 336. A 1993 aka yi takwas, daga 1994 zuwa yau bakwai. Karl Mecklenburg, wanda Denver Broncos ta ɗauka na 310 a 1983 ya kuma je wasan shekara-shekara na fitattun 'yan wasan gasar sau shida, da a yau ya fito da yana cikin masu jiran waya ranar Asabar. Yaran da ake kira 'yan tsallake yanzu, da yawansu su ne 'yan zagaye na takwas zuwa na sha biyu na jiya. Ba ƙungiyoyi ne suka ƙara makancewa ba, layin ne aka matso da shi.

A daidai lokacin kuma aka kawo dokar ƙayyade yawan albashin da ƙungiya za ta iya biya, wadda ta fara aiki a 1994. Idan taurari biyar ko shida sun lashe babban kaso na kuɗin, dole a cike sauran gurabe da masu araha, kuma ba mai araha kamar yaron da ba a zaɓa ba. A ganina wannan ne dalilin da ya sa ake samunsu da yawa a gasar yau, fiye da duk wani zancen jajircewa da ake yi a talabijin.

A shekarar ce, 1994, Kurt Warner ya fito daga Jami'ar Northern Iowa ba a kira shi ba. Packers ta gayyace shi sansani inda ya tarar da Brett Favre da Mark Brunell da Ty Detmer a gabansa, aka sallame shi. Ya koma jera kaya a kantin Hy-Vee a kan dala 5.50 duk awa, ya buga ƙaramar gasar cikin zaure da Iowa Barnstormers, ya je Amsterdam ya buga gasar da NFL ke gudanarwa a Turai a 1998. A 1999 Trent Green, jagoran harin St. Louis Rams, ya ji ciwo a gwiwa a wasan share fage, faɗuwar wani tashin wani, Warner ya karɓa. Ya gama kakar a matsayin gwarzon gasar, ya kuma ɗaga kofin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, a Janairun 2000. Duk watan Afrilu sai an maimaita wannan labari, amma ba a cika tsayawa kan cewa shekara huɗu ya yi a waje kafin ya samu shiga ba. A shekarar da ya fito, shi ma yana cikin waɗanda aka kora.

Haka James Harrison, wanda Pittsburgh Steelers ta sallama sau da dama bayan 2002, Baltimore Ravens ma ta sallame shi, kafin ya koma Steelers ya zama gwarzon masu tsaron baya na 2008. Antonio Gates ƙwallon kwando ya buga a Jami'ar Kent State, San Diego Chargers ta ɗauke shi a 2003 saboda jiki da tsalle. Malcolm Butler ko kwantiragi bai samu ba da farko a 2014, gwajin kwana uku New England Patriots ta kira shi. Ranar 1 ga Fabrairun 2015 shi ne ya cafke jifar Seattle Seahawks a bakin layin cin maki a wasan Super Bowl ana saura daƙiƙoƙi a tashi, ya ba ƙungiyarsa kofin.

Wani abu da masu wakiltar 'yan wasa suka daɗe suna faɗa shi ne, wani lokaci gara a tsallake ka da a ɗauke ka a zagaye na bakwai. Wanda aka zaɓa ba shi da ta cewa, inda aka kai shi nan zai je, ko da gurbinsa a cike yake. Wanda aka tsallake shi zai duba inda ake da giɓi. Tony Romo a 2003 ya karɓi dala 10,000 na kafin alƙalami daga Dallas Cowboys alhali Denver ta taya shi sama da haka, ya kuma daɗe yana jagorantar harin Dallas. Kwantiragin wanda ba a zaɓa ba shekara uku ne, na wanda aka zaɓa huɗu, don haka idan ya yi fice ya riga shi isa teburin ciniki. Amma wannan riba ce ta wanda ya tsira. Shugaban da ya kashe zaɓe a kan yaro ba ya son a ce ya yi kuskure, sai ya ƙara masa haƙuri. Wanda ya shigo a kyauta, kuskure ɗaya ya isa.

Kuɗi ma suna nuna inda zuciyar ƙungiya take. Yarjejeniyar 2011 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙayyade kuɗin sa hannun da kowace ƙungiya za ta raba wa dukan 'yan tsallakenta a dala 75,000, adadin da ya yi ta ƙaruwa daga baya. Chris Harris, wanda ya zama ɗaya daga fitattun masu tsaron baya na Denver, dala 2,000 ya samu a shekarar. Sai ƙungiyoyi suka gano wata kafa: dokar ba ta hana lamunce wa yaro wani ɓangare na albashinsa ba. Yanzu idan aka ji an lamunce wa wani dala dubu ɗari biyu ko fiye, an san ko bai shiga cikin 53 ba ba za a bar shi ya yi nisa ba. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a 2025 dala 840,000 ne, amma sai wanda ke cikin jerin yake ganinsa.

Inda ƙofa ta buɗe da gaske shi ne rukunin 'yan atisaye, waɗanda ke horo da ƙungiya ba tare da suna cikin 53 ba. A 1993 mutum biyar ne. A 2004 aka mai da shi takwas, a 2014 goma, sai annobar korona ta 2020 ta kai shi 16, kuma bai sake sauka ba. Gurabe 512 ke nan a faɗin gasar, ko da yake tsofaffin 'yan wasa ma suna cin wani kaso. A 2025 sabon ɗan atisaye yana karɓar dala 13,000 a mako. Tun 2020 ana iya ɗauko biyu daga cikinsu su buga wasan mako, kuma kowace ƙungiya tana iya sace ɗan atisayen wata muddin za ta sa shi cikin nata 53. Wasan yana cin jiki, rauni ba ya ƙarewa, saboda haka yaron da aka kora a Agusta sau da yawa yana fili a Nuwamba.

Ta wannan kafa 'yan Najeriya suka fara shiga ba tare da sun bi ta jami'ar Amurka ba. Efe Obada, haifaffen Najeriya da ya tashi a Landan, Cowboys ta ɗauke shi a 2015 bayan ya buga wasanni kaɗan da London Warriors. A 2018 ya shiga cikin 53 na Carolina Panthers, shi ne na farko da ya yi haka ta shirin da NFL ta ƙirƙiro a 2017 don 'yan ƙasashen waje. Daga 2024 kowace ƙungiya tana da gurbi na 17 a rukunin atisaye, wanda aka keɓe wa ɗan wata ƙasa.

A gefe guda kuma filin nuna kai ya ragu. A 2020 ba a yi wasan share fage ko ɗaya ba, daga 2021 aka rage su daga huɗu zuwa uku. Wasa na huɗun nan, wanda taurari ke hutawa, da ma shi ne dandalin 'yan tsallake. Yaron da ke son tsira yanzu sai ya karɓi aikin da manya ba sa so, wato gudun tare wanda ya kamo ƙwallon da aka buga sama, inda ake karo da gudu. Masu bugun ƙafa su ne suka fi morewa, domin ba a cika kashe zaɓe a kansu ba. Adam Vinatieri, wanda ya fi kowa tara maki a tarihin gasar da 2,673, ba a zaɓe shi ba a 1996.

Daga 2021 zuwa 2025 ranar yanka, wato ranar da ake rage 'yan wasa zuwa 53, ta riƙa faɗowa Talata a ƙarshen Agusta, ƙarfe huɗu na yamma agogon New York. Akwai ma'aikacin da 'yan wasa ke yi wa laƙabi da Turk, shi ke zagayawa ya shaida wa mutum cewa koci na son ganinsa, ya taho da littafin dabarun wasa, wanda yanzu ya koma kwamfutar hannu. Daga nan sai a sa sunansa a jerin da sauran ƙungiyoyi 31 ke dubawa. Yana da zuwa washegari da rana ya ji ko wata ta ɗauke shi, ko gidan da ya kore shi zai kira shi atisaye, ko kuwa ya tattara jakarsa ya nufi filin jirgi.