Harara-garke: Ku Daina Jiran Yaro Ya Girma

Iyaye, don girman Allah ku bar faɗin "zai miƙe da kansa in ya girma." Kullum sai an kawo asibitin ido yaro ɗan shekara 10 ko 12, ido ɗaya ya karkace wajen hanci ko wajen kunne. A tambayi uwa tun yaushe, ta ce tun yana goye. Shekara goma ana kallonsa! Wani uban ya ce ai gado ne, kakansa ma haka yake. To, gadon ya hana a nemi magani ne?

Idon sabon jariri yakan ɗan yi yawo, wannan ba komai. Amma in ya wuce wata 4 bai daidaita ba, a kawo shi. Idon da ya karkace, ƙwaƙwalwa watsi take yi da shi, ganinsa ya yi ta raguwa. Kafin shekara 7 zuwa 8 ana iya farfaɗo da ganin. Bayan nan likita zai miƙar da idon ya yi kyau, amma ganin da ya tafi da wuya ya dawo. Jiran nan naku shi ke cinye idon.

Mun san tsoron aikin tiyata ke riƙe da yawanku, kuma ba mu ga laifinku ba, ɗa ne. Sai dai ba kowane yaro ake yi wa aiki ba. Wani tabarau kawai yake buƙata. Wani a riƙa rufe masa lafiyayyen idon awa 2 zuwa 6 a rana don ragon ya yi aiki. Zai yi kuka, kada tausayi ya sa ku cire.

In ta kama a yi aikin, ba a ciro ido waje, wannan zancen gari ne. Tsoka 6 ke juya kowane ido. Ana sa yaro barci, a sassauta wadda ta ja da yawa, a ɗame wadda ta saki, a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa. Yawanci ranar ko washegari ake sallama. Wani lokaci gyaran bai cika ba ko ya zarce, sai an sake.

Bayan aiki:
- Ja a ido na 'yan makonni ba abin tsoro ba ne.
- A wanke hannu, a ɗiga maganin da aka bayar kan lokaci.
- Ban da kwalli, nono ko ruwan ganye.
- Kumburi, mugunya ko zafi mai ƙaruwa, a dawo nan take.
- A ci gaba da tabarau.

Ƙaramin yaron da idonsa ya karkace kuma tsakiyar baƙin ya yi fari ko yana ƙyalli kamar na kyanwa, wannan kam kada a kwana da shi a gida. Yana iya zama yanar ido, yana iya zama kansar ido mai kisa. In asibitin kusa ba likitan ido, ku nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.