Waiwaye: Daga hoton Fada de l'Épée zuwa taron Milan

A Faransa ana ci gaba da ja-in-ja kan yaran kurame: a koya musu maganar hannu tun suna ƙanana, ko a dasa musu na'urar ji a kunne a dage sai sun furta kalma? Ƙungiyoyin kurame kuma suna neman a saka harshensu cikin tsarin mulki. Wannan muhawara ba yau ta fara ba.

Duk mai bin tsofaffin hotunan limaman Faransa, irin waɗanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a buga a takarda, zai ci karo da Fada Charles-Michel de l'Épée cikin baƙar riga ta limanci. Wajen 1760 ya haɗu da wasu tagwaye mata kurame a Paris, ya buɗe makaranta kyauta a gidansa, yana koyarwa da hannu. Ya rasu a 1789, gwamnati ta ɗauki nauyin makarantar a 1791. Wani ɗalibinta kurma, Laurent Clerc, ya tafi Amurka a 1816, da shi aka kafa makarantar kurame ta garin Hartford a 1817.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne taron masu koyar da kurame da aka yi a Milan ta Italiya a Satumbar 1880. Wakilai 164 suka halarta, akasarinsu daga Italiya da Faransa, da yawa limamai ne, kuma kusan dukkansu masu ji. Aka kaɗa ƙuri'a, 160 suka ce a fifita koyarwa da baki a kan maganar hannu, 4 suka ƙi. Hujjar ita ce magana da baki ce za ta shigar da kurma cikin jama'a. Aka yi wa mutane aski a bayan idonsu.

Abin da ya biyo baya ne ya fi ciwo. Malamai kurame suka rasa aiki, tunda ba za su iya koyar da furuci ba. Yaro ya shafe awoyi yana kallon leɓen malami, yatsunsa a maƙogwaron malamin don ya ji motsin murya, lissafi da tarihi na jiransa. In ya ɗaga hannu ya yi wa abokinsa magana, horo ne. Harshen ya koma ɗakin kwana da filin wasa, inda manya ke miƙa wa ƙanana a ɓoye. A ganina nan ne rashin yardar da ake gani yau ya samo tushe, domin waɗanda abin ya shafa ba su da murya a zauren.

Sai a 1991 dokar Faransa ta ba iyaye zaɓin koyarwa da harsuna biyu, wato maganar hannu da Faransanci, a 2005 aka amince maganar hannu ta Faransa cikakken harshe ce. Taron malaman kuwa bai janye matsayar Milan ba sai a Vancouver ta Kanada a 2010, bayan shekara 130.